Daga Sirdin Ingila Zuwa Sirdin Kaboyi: Yadda Mahayi da Dokinsa Za Su Saba da Sabon Kaya

Wanda ya koyi hawa a kan sirdin Ingila, ɗan siririn nan da ake buga ƙwallon dawaki da shi a Kaduna da Katsina da Kano, ranar da ya fara zama a kan sirdin kaboyi abu biyu yake ji. Na farko daɗi, domin ga kwacciya ta tokare shi ta baya, ga ƙaho a gaba, ga likkafa mai faɗi, sai ya ga kamar ba abin da zai kayar da shi. Na biyu kuma, dokin ya yi masa nisa. Motsin haƙarƙarin da ya saba ji a sha-raɓarsa ya ɓace a ƙarƙashin fata mai kauri, bakin dokin da ya saba ji a yatsunsa kuma an ce masa ya sake shi. Daɗin nan na farko shi ke yaudarar mutane, su ɗauka hawan kaboyi hawan ragwaye ne. Aikin gaske yana cikin abu na biyu, kuma a hannu yake. Sirdi ana sabawa da shi cikin 'yan kwanaki. Hannun da ya shekara yana riƙe da bakin doki kuwa, koya masa saki yana ɗaukar watanni.

Sanin dalilin da ya sa aka ƙera kowane sirdi yadda yake zai rage maka gardama da kayan. Sirdin Ingila ya samu siffarsa wurin farautar yanyawa a karkarar Ingila, inda ake tsallake shinge da kwalbati, don haka aka yi shi marar nauyi, gabansa a shafe, yadda mahayi zai iya tashi ya karkata gaba. Sirdin kaboyi kuwa gadon makiyayan shanu ne na Meziko, waɗanda suka samu dawaki da kayan hawa daga Sifaniyawa bayan zuwan Hernán Cortés a 1519. Daga hannunsu ya shiga hannun makiyayan Teksas da Kalifoniya, musamman a shekarun da ake kora garken shanu daga Teksas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas, daga 1867 zuwa cikin shekarun 1880. Mutumin da zai wuni a kan doki tun asuba har faɗuwar rana, igiyar kama shanu a hannun dama, yana buƙatar sirdin da zai baza nauyinsa a gadon bayan doki, da ƙahon da zai naɗe igiya a kai, da dokin da zai juya da hannu ɗaya ba tare da ana jan bakinsa ba. Duk wani abin da zai ba ka mamaki a kayan, daga nan ya samo asali.

Shawarata ta farko, kuma ita ce ƙashin bayan duk sauran: kada ka canza komai da komai rana ɗaya. Canza sirdi, ka bar linzamin da dokinka ya sani. Idan ya saba da sirdin, ka canza yadda kake riƙe kamazuru. Linzami mai ƙafa, wato mai sanduna biyu da suka sauko gefen baki suna ninka ƙarfin ja, shi ne na ƙarshe, kuma akwai dawakan da ba sa buƙatarsa ko kaɗan. Wanda ya ɗora wa doki sabon sirdi da sabon ƙarfe a baki da sabon umarni lokaci guda, in dokin ya yi tutsu ba zai san wanne ne ya jawo ba.

Sirdin da ya dace da bayan dokinka

Ka ɗauki sirdin Ingila ka kifa shi, za ka ga matashi biyu da aka cusa da ulu, su ne ke kwanciya a bayan doki, kuma gwanin sirdi yana iya ƙara musu ulu ko ya rage. Kifa na kaboyi, babu matashi. Abin da ke ciki katako ne dogaye biyu, an rufe su da fata da gashin tunkiya. Gashin nan ba ya tare komai, aikinsa ya hana shimfiɗa zamewa. Saboda haka in katakon bai yi daidai da bayan dokin ba, babu cushen da zai gyara shi, kuma tara shimfiɗa uku ƙarƙashin sirdin da ya matse ƙara matsi yake yi.

Nan ne masu dawakinmu na gida ya kamata su buɗe ido. Yawancin sirdin kaboyi an ƙera shi ne don Quarter Horse, doki mai faɗin baya da cikar kafaɗa, wanda ƙungiyar masu kiwonsa ta AQHA, da aka kafa a 1940 mai hedikwata a Amarillo ta Teksas, ke riƙe da rajistarsa. Dawakin Arewa da na Sudan da ake hawa a ƙasar Hausa galibi sun fi shi sirantaka, doronsu ya fi fitowa, bayan wasu kuma gajere ne. In ka ga an rubuta FQHB a jikin tallan sirdi, alamar awon katako ce: mai faɗi ne, bakinsa, wato ramin da ke ƙarƙashin kwacciyar gaba, kusan inci 7. SQHB ya fi shi matsewa, kusan inci 6 da rabi, kuma shi ya fi kusa da abin da siririn doki ke so. Amma kowane kamfani da irin awonsa, don haka harafin jagora ne kawai, bayan doki shi ne alƙali.

Ka ɗora sirdin a bayan dokin ba shimfiɗa, ba majayi. Sa shi gaba kaɗan, ka tura shi baya a hankali har ya zauna da kansa. Bakin katakon ya kamata ya tsaya bayan allon kafaɗa. Fatar da ta zarce tana iya hawa kafaɗar, wannan ba laifi, katakon ne bai kamata ya hau ba. Zura yatsu tsakanin doro da ƙasan kwacciyar gaba: yatsu biyu zuwa uku su shiga, kuma su ci gaba da shiga bayan ka hau. Sa tafin hannunka a ƙarƙashi, ka ja shi daga gaba zuwa baya. In ya matse a gaba da baya amma tsakiya ba ta taɓa ba, sirdin ya yi gada, zai ci dokin a wuri huɗu. In gaban ya faɗa kan doro, ya yi faɗi. Duba tsawo kuma: gefen fatar baya kada ya kai ƙashin ƙugu, domin zai riƙa gogarsa duk lokacin da dokin ya juya. Doki mai gajeren baya, sirdi mai zagayayyen gefe ya fi masa mai kusurwa.

Naka awon ya fi sauƙi. Lambar sirdin kaboyi tana ƙasa da ta Ingila da kusan inci 2, saboda wurin da ake fara awon ya bambanta. Mai hawa 17 a na Ingila yakan hau 15. In ka zauna, a samu kamar faɗin hannu tsakanin gabanka da kumburin da ke ƙarƙashin ƙaho, kuma kada mazaunanka su manne da kwacciyar baya.

In sirdin na hannu ne, ka jingina gabansa a cinyarka ka jawo kwacciyar baya da ƙarfi. Ya lanƙwasa ko ya yi ƙara, katakon ya karye, bar shi ko kyauta ne. Ka tsaya bayansa ka duba ko ƙaho da tsakiyar kwacciya suna kan layi ɗaya. Sirdi mai araha da ya sha ado da azurfar ƙarya, sau da yawa katakonsa a karkace yake tun daga masana'anta.

Ɗaura sirdi

Sirdin Ingila yakan yi kilo 5 zuwa 9. Na kaboyi kilo 11 zuwa 18, na kama shanu kuwa yana iya wuce 20. Nauyin da kansa ba ya damun lafiyayyen doki, abin da ke damunsa a jefa masa shi. Ka fara da shimfiɗa mai kauri, ta ulu da aka danne, kusan inci ɗaya ko ƙasa kaɗan, wadda za ta zarce sirdin da inci ɗaya ko biyu ta kowane ɓangare. Kafin ka ɗora ta, shafa cikinta da hannu. Ƙarangiya ɗaya da ta maƙale a ulu ta isa ta ɓata wa doki rai da sabon sirdi tun ranar farko. Sa ta gaba kaɗan ka ja ta baya, gashi ya kwanta. Sai ka ɗaga likkafar dama ka rataye ta a ƙaho, ka ɗora majayi a kan mazauni, don kada su daki haƙarƙarinsa ko su shige ƙarƙashi. Ka lilo sirdin da ƙarfin ƙugunka, ka sauke shi a hankali. Zagaya dama ka sauke kayan da hannu, kada ka tunkuɗo su daga hagu. Daga nan ka cusa hannu ka ɗago gaban shimfiɗar ta shige cikin ramin kwacciya, yadda ba za ta danne doro ba idan nauyi ya hau.

Majayin shi ne abin da ya fi rikitar da ɗan hawan Ingila, wanda ya saba da maɗauri biyu kowane gefe. A nan majayin zobe gare shi a kowane baki, kuma a hagu akwai doguwar fata da ake kira latigo, tana rataye daga zoben sirdi. Ka jawo majayin ta ƙarƙashin ciki, kamar faɗin hannu bayan hammatar doki. Zura fatar cikin zoben majayi daga wajen cikin doki zuwa wajenka, ka hau da ita zuwa zoben sirdi, ka zura daga waje zuwa ciki, ka sauko. Maimaita zagayen sau ɗaya ko biyu gwargwadon tsawonta, kowane zagaye ya kwanta a kan na baya ba murɗewa. In fatar tana da huji kuma zoben majayin yana da harshe, ka sa harshen a huji, sannan ka ja zagayen waje ƙasa don harshen ya kwanta ya kulle, ka soke ragowar a maratayinta kusa da ƙaho. In ƙulli za ka yi, ka zura bakin fatar cikin zoben sirdi ya fito ta hagu, ka gitta shi ta gaba zuwa dama, ka shigar ta bayan zoben ya fito sama, sannan ka soka shi ƙasa cikin madaukin da gittawar ta yi. Ƙullin laktaye ke nan sak, kuma in ya yi daidai a shafe yake kwanciya, ba ya tokarar gwiwa.

Ka kula da wani abu da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba. Zagayen nan yana ninka ƙarfin hannunka, don haka da ɗan ja kaɗan kana iya matse doki fiye da yadda ka taɓa yi da majayin Ingila. Ɗaura sako-sako da fari, ka ja dokin ya taka kaɗan, ka ƙara, ka sake ƙarawa kafin ka hau, sannan ka duba bayan minti goma na hawa. Dokin da aka shaƙe farat ɗaya yana koyon kumbura ciki da cizo, wani ma yana zubewa ƙasa.

Sai majayin baya, wato majayi na biyu da ake samu a sirdin kaboyi. An yi shi don ya hana bayan sirdi ɗagawa lokacin da sa ya fizgi igiya, ko ana gangara tudu mai tsayi. In kilisa kawai kake yi a fili, kana iya cire shi. In za ka bar shi, dokoki uku ne ba a wasa da su. Na gaba ake fara ɗaurawa, shi kuma ake kwancewa a ƙarshe, domin sirdin da majayin baya kaɗai ke riƙe da shi yana juyewa ƙarƙashin ciki, kuma abin da ke biyo baya ba kyau. Na biyu, dole a haɗa majayin biyu da ƴar gajeriyar fatar nan ta tsakiya, in ba haka ba na baya zai zame zuwa mara, dokin ya yi ta harbi da tsalle. Na uku, ya taɓa ciki ba tare da ya matse ba. Wanda aka bari yana lilo tarko ne: doki ya kai ƙafar baya zai kori ƙuda, kofato ya shige.

Dokin da bai taɓa jin majayin baya ba, kada ka hau shi ranar farko. Ka riƙe shi da doguwar igiya a fili mai shinge, ya zagaya ka da tafiya, da sassarfa, da ƙaramar sukuwa. Za ka ga kunnuwansa sun koma baya suna sauraron ƙarar sabuwar fata, wutsiya ta matse, bayansa ya ɗan ƙudundune, likkafu masu nauyi suna bugun gefensa. Wani zai yi tsalle biyu uku. Ƙyale shi ya ci gaba da tafiya. In ka ga ya sauke wuya, ya yi atishawa, ya fara tauna, wutsiya ta saki, to ya yarda. Kwana biyu ko uku na wannan ba asara ba ne.

Likkafa da zama

Likkafar kaboyi tana rataye ne a faffaɗar fata mai tauri, kuma sabuwa a kwance take da jikin doki, sai ƙafarka ta murɗa ta. Wannan murɗawar ce ke sa gwiwa da idon sawu ciwo, har mutane su ce sirdin bai karɓe su ba. Maganinsa tsoho ne: ka jiƙa bayan fatar da ruwa kaɗan, ka murɗa likkafun biyu zuwa waje, ka zura sandar tsintsiya ta ratsa su, ka bar sirdin ya kwana a haka a kan maɗorinsa. Ka riƙa yin haka duk lokacin da ka ajiye, har fatar ta riƙe murɗin.

Tsawon likkafa ya fi na Ingila, amma ba yadda finafinai ke nunawa ba. Ka miƙe tsaye a kai, a samu kamar dunƙulen hannu ko ƙasa da haka tsakaninka da mazauni. Gwiwa ta ɗan lanƙwasa, diddige ya ɗan sauka. In kana miƙa yatsun ƙafa kana neman likkafa, ta yi tsawo. Wanda ya fito daga tsallake shinge ko ƙwallon dawaki, ya sauke huji ɗaya, ya yi kwanaki, ya sake saukewa.

Ka sani kuma, sirdin Ingila yana da ƙarfen da ke sakin igiyar likkafa in mahayi ya faɗi ƙafarsa ta maƙale. Na kaboyi ba shi da shi. Don haka takalmi mai dunduniya da santsin ƙasa wajibi ne, kuma ƙaramar fatar da ke ɗaure wuyan likkafa kada a cire ta. Hular kwano ma ka ci gaba da sa abarka. Malafar kaboyi rana take tarewa, ba ta tare dutse.

Wurin hawa, ka kama geza da kamazuru da hannun hagu, kada ka rataya nauyinka a ƙaho, domin kana jawo katakon ya murɗe a kan doro. In akwai abin takawa, taka. Ɗaga ƙafar dama sama fiye da yadda ka saba, kwacciyar baya tana da tsayi. Wurin sauka kuma ka lura da tufafinka: babbar riga, aljihun kaftani, ɗamara, duk suna iya sarƙewa a ƙaho ka tsinci kanka a rataye.

Zaman kansa bai canza yadda ake zato ba. Kunne, kafaɗa, ƙugu da diddige har yanzu layi ɗaya ne. Za ka ji masu koyarwa suna cewa a zauna a kan aljihun baya, abin da suke nufi ka saki kwankwaso ka zauna da nauyinka, ba ka jingina ka miƙe ƙafafu gaba ba. Ɗabi'u biyu na hawan Ingila za ka yaƙa: matse gwiwa, da karkata gaba idan doki ya ƙara gudu. Ƙaho zai tuna maka na biyun a ciki. Shi ya sa ba a tsallake shinge da wannan sirdi, in ban da ɗan kututture a hanya. Sha-raɓa kuma ba ta manne da doki koyaushe, tana rataye kusa, ta taɓa in akwai magana, ta koma.

Sassarfar kaboyi gajeriya ce mai taushi, ana zaune ake yin ta. Amma kada ka yarda da mai cewa ba a tashi-zauna, wato tashi da zama daidai da takun sassarfa, a sirdin kaboyi. Makiyayan da ke cin dogon zango da doguwar sassarfa suna yi, kuma dokin da bayansa bai yi ƙarfi ba ya fi son haka. Ka bar shi ya sassauta da kansa ta hanyar yawan sauya tafiya da zagaye. Jan baki don a rage gudu yana ba ka doki mai jan ƙafa, bayansa a lotse.

Hannu

A hawan Ingila an koya maka kada kamazuru ya yi sako, ka riƙa jin bakin doki kullum. A hawan kaboyi sakon shi ne ladan doki. In yana yin abin da ake so, ba ya jin komai a baki. In ka ɗauki kamazuru, magana ce, da ya amsa ka mayar. Tom Dorrance da Ray Hunt, masu horar da dawaki na Amurka waɗanda koyarwarsu ta yi tasiri sosai a wannan fanni, a kan haka suka gina aikinsu: doki yana gane abin da ake nufi ne a daidai lokacin da aka sakar masa. In sakin ya makara, darasin ya ɓata.

Dokin da ya saba da riƙo, ranar da ka sake shi zai rikice. Wani ya ƙara sauri, wani ya riƙa tangaɗi, wani ya miƙa wuya yana neman hannunka. Ka fara a fili mai shinge, da linzaminsa mai zobe, hannu biyu. Sa shi tafiya, ka saki har kamazuru ya yi ɗan lilo. Ya ƙara gudu, kada ka ja biyu. Ɗauki ɗaya ka lanƙwasa shi cikin ƙaramin zagaye har ya dawo tafiyar da ka sa shi, sannan ka sake shi gaba ɗaya. Zai sake, ka sake. Wahalar a wurinka take, domin yatsunka za su riƙa tattara kamazuru ba da saninka ba. Ɗora hannunka a kan geza gaban ƙaho, ya zama can ne gidansa, ka lura duk lokacin da ya tashi ba dalili.

Tsayawa ma jeri gare ta. Ka fitar da numfashi, ka zauna da nauyi, ka janye ƙafa daga jikinsa, ka ce "wo" da murya mai tsawo, sannan in bai tsaya ba ka ɗauki kamazuru. Ya tsaya, ka nemi taku ɗaya ko biyu baya, ka saki, ka bar shi ya huta. In ka kiyaye jerin nan kullum, zai fara tsayawa tun a zama, don ya riga hannun. Kalmar kuma a ajiye ta don tsayawa cak kaɗai, kada a yi ta barbaɗa ta don rage gudu.

Juya doki da wuya, 'yan ƙwallon dawaki sun san shi, masu hawan salla ma da hannu ɗaya suke sarrafa doki. Bambancin shi ne a nan ana so dokin ya juya da taɓawar fata kawai, bakinsa a sake. In za ka hagu: ka dubi hagu, ka kwantar da kamazurun dama a wuyansa, ka taɓa shi da ƙafar dama, sannan in bai juya ba ka buɗe na hagu ka nuna wa hancinsa hanya. Taɓa wuya kullum shi ne farko, jan hagu na biyu, har ya gane na farko yana sanar da zuwan na biyu. Kuskuren da ya fi yawa shi ne tsallaka hannu can ƙetaren geza. Yin haka yana jan bakin ta dama, sai hanci ya kalli dama alhali kana son hagu. Hannu ya motsa inci kaɗan ne, sauran aikin na ƙafa da zama ne.

Kamazurun kaboyi da aka fi sani guda biyu ne rababbu, kowanne kusan ƙafa 7 zuwa 8. Da hannu biyu, ana gitta su a kan wuya ka riƙe duka biyun a kowane hannu. Da hannu ɗaya, galibi hagu, manuniya tana shiga tsakaninsu, ragowar kuma ta zuba ta gefen hannun da ke riƙe. Ka yi ta koyon gajartawa da tsawaitawa da yatsu kana zaune a gida, domin in ɗaya ya suɓuce a kan doki, ƙasa zai faɗi. Kuma kada ka taɓa ɗaure doki a turke da su, sa masa ragama.

Linzami mai ƙafa

Linzami mai zobe, abin da ka ja shi doki ke ji. Mai ƙafa kuwa yana ninkawa: ƙafafun suna juyawa, ƙarfen ya danna harshe da dasashi, fatar haɓa ta matse, ƙeya ma ta ji. In tsawon ƙafar ƙasa ya ninka na sama sau uku, ɗan jan da kake gani kaɗan ne ya zama babba a bakin doki. An yi shi don dokin da ya riga ya iya, yadda zai ji motsin ƙafar linzamin tun kafin fatar haɓa ta kama, ya amsa. A gasannin AQHA, doki mai shekara 5 zuwa ƙasa ana iya hawansa da linzami mai zobe ko bosal, wato zoben saƙaƙƙiyar fata da ke kan hanci, da hannu biyu. Daga shekara 6 ake neman mai ƙafa da hannu ɗaya. Wannan dokar gasa ce. In ba gasa za ka shiga ba, ba wanda ya wajabta maka.

In lokacin ya yi, wato dokin yana tsayawa da zama, yana juyawa da wuya, yana ja da baya da yatsa biyu, ka zaɓi mai gajeriyar ƙafa da ta lanƙwasa baya, mai ɗan tudu kaɗan a tsakiya. Fatar haɓa a sa ta yadda yatsu biyu za su shiga, ta kama idan ƙafar ta juya kusan digiri 45. Ina ba da shawarar a guji wanda ake kira Tom Thumb, mai gaɓa a tsakiya da miƙaƙƙun ƙafafu. Ana sayar wa sababbi shi da sunan mai sauƙi ne saboda yana da gaɓa, alhali yana matse muƙamuƙi, kuma in ka ja gefe ɗaya saƙonsa a cakuɗe yake isa. Kaimi mai tauraro shi ma ya jira har ƙafarka ta daina lilo a sabuwar likkafa.

Zamiyar da kake gani a gasar sarrafa doki ta ƙungiyar NRHA, wadda aka kafa a 1966, inda doki ke zamewa da ƙafafun baya ƙasa na tashi, kada ka gwada ta a filin unguwa. Dawakin nan an sa musu takalmin ƙarfe mai faɗi da santsi a baya, ƙasar an gyara ta musamman, kuma horon shekaru ne, kamazuru a sake ake yi. A kan busasshiyar ƙasa mai tauri, da fizgar baki, abin da za ka samu shi ne ciwon gaɓoɓin ƙafar baya da tsagaggen baki.

Duk ranar da ka sauka a makonnin farko, kwance majayin baya, sannan na gaba, ka ɗaga sirdin sama kada ka ja shi a kan doro, ka tsaya ka karanta bayan dokin. Gumi ya kamata ya jiƙa ɓangarorin biyu daidai, tsakiyar baya a bushe. Busasshen wuri kamar tafin hannu a bayan kafaɗa, alhali kewayensa a jiƙe, alamar matsi ne. Gashin da ya murɗe ko ya karye alamar sirdin yana yawo ne. Washegari da safe ka bi bayan da yatsu kana dannawa a hankali: in ya lotsa, ya kaɗa wutsiya, ko ka ji kumburi mai zafi, a huta da wannan sirdin har a gano dalili, tun kafin farin gashi ya fito. Shimfiɗar a shanya ta a inuwa cikinta a sama, a kakkaɓe busasshen gumi da buroshi. Lokacin hunturu kuma fata tana bushewa ta tsage, don haka a riƙa shafa mata mai kaɗan-kaɗan, a fi duba inda latigo ya naɗe a zoben sirdi da fatar da ke riƙe majayi ta dama, wadda ba a cika kallo ba saboda ba ta gefen da ake hawa take ba. In ka ga tsaga a ɗayansu, canza shi kafin hawa na gaba.